Doki Mai Fukafuki a Bakin Binuwai: Aikin Hannu ko na Kwamfuta?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Lamidon Garwa ranar hawan Sallah ba ya bukatar a ba shi labari. Ga dawakai an ƙawata su da lifidi da jalala, ga mahaya cikin rawuna da alkyabbu, algaita tana kuka, kakaki yana amsawa, ƙura ta turnuƙe sama. Wannan shi ne abin da 'yan boko da baƙi masu yawon buɗe ido suke kira fantasia, kalmar da tushenta ɗaya ne da wadda Turawa suke kiran almara da ita.

A shekarun baya, masu ɗaukar hoto a irin wannan taro ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba, kowa da kyamararsa rataye a wuya, yana tattalin fim ɗinsa mai cin hoto 36. Yau kuwa kusan kowane hannu da waya a ɗage. Kafin a kira magariba hotuna sun cika WhatsApp da Facebook, kuma a cikinsu akan ci karo da abin mamaki: doki ya tsiro fukafukai yana tsallake kogin Binuwai, ko mahayi riƙe da takobin wuta, ga wani ƙaton wata ya leƙo ta bayan dutsen Tinguelin. Kallo ya koma sama, in ji Hausawa, wai shaho ya ɗauki giwa.

Irin wannan shi ake kira hoton almara, wato hoton abin da ido bai taɓa gani ba, kuma ba zai gani ba. A ƙasashen duniya har gasa ake shiryawa a kansa, da kyaututtuka masu tsoka, kuma tunda yanzu ta intanet ake aika hoto, ƙofa a buɗe take ga yaranmu na Garwa da Marwa da Ngaundare. To amma akwai gardama a tsakanin masu sana'ar. Tsofaffin hannu suna ganin abin da kwamfuta ta haɗa ba hoto ba ne, zane ne kawai, bai kamata a jera shi da aikin wanda ya sha rana da ƙura ba. Matasa kuwa suna ganin zamani riga ne, kowa da irin tasa. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu bi diddigin maganar, mu ga inda gaskiya take.

Dabara ba yau ta fara ba

Abu na farko da ya kamata mu sani shi ne, sarrafa hoto ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A shekarar 1857, wani mai hoto a Ingila, Oscar Rejlander, ya haɗa hoto guda ɗaya daga dodon hoto fiye da 30. Dodon hoto shi ne fim ɗin nan da aka wanke, wanda baƙi yake komawa fari, fari ya koma baƙi, daga shi ake buga hoto a kan takarda. Rejlander ya ɗauki mutanensa daban-daban, ya riƙa buga su ɗaya bayan ɗaya a kan takarda guda, har suka zama taron da bai taɓa haɗuwa a ɗaki ɗaya ba. Sarauniya Victoria da kanta ta sayi kwafinsa.

A 1917 kuma, a wani ƙauye mai suna Cottingley a can Ingila, 'yan mata biyu, Elsie Wright da Frances Griffiths, suka ɗauki hotunansu tare da wasu 'yan ƙananan aljanu masu fukafukai. Manyan mutane suka gaskata, har da shahararren marubucin nan Arthur Conan Doyle, wanda ya buga hotunan a mujalla a 1920. Sai a 1983, bayan sun tsufa, matan suka amsa cewa aljanun nan zane ne a kan kwali, suka yanka, suka kafe su a ƙasa da allurar hula. Ke nan kwali da almakashi sun isa su yaudari duniya shekara sittin da 'yan kai.

Labulen situdiyo

Ba sai mun je Ingila ba ma. Wanda ya girma a Haoussaré ko Foulbéré ko Yelwa zai tuna yadda shagon mai hoto yake a da. Da shigarka abin da zai fara tarbarka shi ne labule, an zana masa bene mai hawa biyu, ko jirgin sama, ko lambu mai furanni. A gefe ga rediyo, ga wayar tarho wadda ba a haɗa ta da komai ba, ga furen roba, wani lokaci har da babur. Ɗan dako ya aro kwat ya ɗaga tarho kamar yana magana da Yawunde. Amarya ta zauna a gaban benen da ba ta taɓa hawa ba. A aika wa dangi a Kano ko Yola ko Njamena, kowa ya yi murna.

A ɗakin duhu kuma akwai wasu dabarun. Akan rufe rabin takarda a buga mutum, sannan a rufe ɗaya rabin a sake buga shi, sai ga mutum ɗaya ya zama tagwaye. Akan sa fuskar masoyi a cikin zanen zuciya ko cikin akwatin talabijin. Akan bi dodon hoto da fensir mai tsini a rage ƙuraje da tamoji, akan kuma shafa launi da ɗan buroshi a kan hoton baƙi da fari. Duk wannan a garin da zafi kan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, alhali ruwan wankin fim digiri 20 yake so. Dole mai hoto ya jira dare ya raba, ko ya nemi hanyar sanyaya ruwansa, in kuwa ya kuskure, fim ɗin mutane ya lalace, ba kuma a maimaita biki.

Abin lura a nan shi ne, babu wanda labulen nan ya taɓa yaudara. Wanda aka ɗauka ya san zane ne, wanda aka aika wa ya sani, sau da yawa ma gefen labulen da tabarmar ƙasa suna fitowa a hoton. Mafarki ne aka yi shi a fili, da yardar kowa.

Ɗan Kumba da ya zama sarki

A wannan fage ƙasarmu Kamaru ba ta da abin jin kunya, domin ɗaya daga cikin gwanayen hoton almara na duniya a nan aka haife shi. Samuel Fosso an haife shi a Kumba a 1962, ya yi ƙuruciyarsa a kudancin Nijeriya, yaƙin Biyafara ya ɗaiɗaita su, daga baya ya koma wurin kawunsa a Bangui. A 1975, yana ɗan shekara 13, ya buɗe shagon hotonsa. In an tashi aiki da dare, ragowar fim ɗin da bai ƙare ba sai ya juya kyamara ya ɗauki kansa, yau da wannan shiga, gobe da waccan, yana aika wa kakarsa a Nijeriya.

Duniya ta san shi ne a 1994, lokacin da aka fara babban taron masu hoto na Afirka a Bamako, inda ya samo lambar yabo. A 1997 ya ɗauki kansa a matsayin wani basarake da ya sayar wa Turawan mulkin mallaka da Afirka, sanye da fatar damisa, rungume da furanni. A 2008 ya rikiɗa ya zama Nelson Mandela, da Patrice Lumumba, da Haile Selassie, da Muhammad Ali, da wasu manyan baƙar fata. Jarinsa tufafi ne, da kwalliya, da fitila, da sanin yadda ake tsayuwa a gaban kyamara. A 2023 aka ba shi kyautar Deutsche Börse a Landan, wadda tana cikin manyan kyaututtukan hoto na duniya. Wannan ita ce babbar hujjar tsofaffin hannu, cewa almarar da aka gina a gaban kyamara har gobe tana da kasuwa.

Yadda kasuwa ta juya

Sai dai in za a faɗi gaskiya, ba kwamfutar matasa ce ta fara karya shagunan hoto ba. Abin da yake riƙe da yawancinsu shi ne hoton katin ɗan ƙasa, wanda dole kowane baligi ya yi. A 1998 aka fito da sabon tsarin kati wanda ake ɗaukar hotonsa nan take a wurin yin katin, sai wannan babbar hanyar abinci ta toshe. Ga kuma injinan wankin hoto mai launi da suka bazu a birane da araha. Kyamarar dijital da wayar hannu suka zo suka ƙarasa abin da ya rage.

Ita kuwa manhajar Photoshop, wadda 'yan'uwa biyu Thomas da John Knoll suka ƙirƙira a Amurka, ta fito kasuwa a 1990. Abin da take yi shi ne abin da Rejlander ya yi, sai dai babu ruwan magani babu duhu. Ana jera hotuna ne rufi-rufi, wani a kan wani: a yanko doki daga hoton hawan Sallah, a yanko fukafuki daga hoton shamuwa, a ɗauko kogi a shimfiɗa a ƙasa, sannan a daidaita haske da inuwa don kada ɗinkin ya fito. Wanda ya ce wannan ba gwaninta ba ce bai taɓa gwadawa ba. Yaron da bai san ta inda rana take faɗowa a kan wuyan doki ba, ko ya kwana a gaban kwamfuta, aikinsa zai fito kamar an liƙa da ƙaro.

Matasan suna da wata hujjar mai ƙarfi. Fim da takarda da magungunan wanki sun yi wuyar samu, sun yi tsada. In aka ce sai mai ɗakin duhu ne zai shiga gasa, to an kori ɗan talaka ke nan, an kuma kori 'yan matanmu da dama waɗanda suke iya koyon wannan aiki suna cikin gida, har su samu abin rufin asiri da gyaran hotunan biki da suna.

Baƙon da ya shigo daga baya

Ana cikin wannan gardama sai ga na uku ya shigo, wanda ya tayar da hankalin ɓangarorin biyu. Tun daga 2022 manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su Midjourney suka bazu. Su ba sa bukatar kyamara ko doki ko kogi. Rubutawa kawai za ka yi cewa kana son mahayi a kan doki mai fukafuki, cikin 'yan daƙiƙoƙi su ƙera maka, daga abin da suka tsinta a miliyoyin hotunan wasu mutane.

Manyan gasanni sun riga sun ɗanɗana kuɗarsu. A 2023, wani Bajamushe, Boris Eldagsen, ya ci kyauta a rukunin ƙirƙira na gasar Sony ta duniya da wani hoto baƙi da fari na mata biyu, mai kama da na zamanin da. Ranar bikin ba da kyauta a Landan ya ƙi karɓa, ya bayyana cewa inji ne ya ƙera shi, kuma a ganinsa bai kamata irin wannan ya yi takara da hoton kyamara ba. A 2024 sai aka yi akasin haka. Wani mai hoto, Miles Astray, ya ɗauki hoton gaske na wani tsuntsu mai dogayen ƙafafu wanda ya cusa kansa cikin gashinsa har ya zama kamar ba shi da kai, ya shigar da shi rukunin hotunan inji a gasar 1839 Awards. Ya burge alƙalai, ya kuma ci ƙuri'ar jama'a, da ya faɗi gaskiya aka cire shi. Tun kafin wannan ma, a 2015, gasar hotunan jarida ta World Press Photo da ke Amsterdam ta kori kimanin kashi 20 cikin ɗari na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe, saboda an ƙara musu wani abu ko an goge wani abu.

In muka duba waɗannan labarai da kyau, za mu ga babu inda kayan aiki suka yi laifi. Rigimar duk a kan abu ɗaya take, wato hoto ya shiga rukunin da ba nasa ba, ko mai shi bai faɗi yadda ya yi shi ba.

Darasin tatsuniya

Mu Hausawa ba baƙin almara ba ne. Da Gizo da Ƙoƙi da Dodo aka yaye mu. Amma kakanninmu sun kafa wa tatsuniya doka: kafin a fara sai an ce ga ta nan, in an gama a rufe da ƙurunƙus, don kowane yaro ya san inda wasa ya fara da inda ya ƙare. Shi ya sa ba a taɓa kiran mai tatsuniya maƙaryaci ba. Wanda ake kira maƙaryaci shi ne wanda ya kawo tatsuniya a zauren shari'a ya ce shaida ce. A ganinmu wannan ita ce ƙa'idar da hoton almara yake bukata, ko da hannu aka yi shi ko da kwamfuta.

Kuma maganar ta fi ƙarfin kyauta. Mu da muke zaune a ƙasar da ba mu ne masu rinjaye ba, hoto yana cikin abubuwan da suke riƙe mana tarihi. Injin da ke ƙera hoto sau da yawa ba ya bambance rawanin Bahaushe da na Buzu ko na mutumin Indiya, yakan ɗora wa dokinmu sirdin wata ƙasa, ya gina fadar da babu irinta a Kamaru. In irin waɗannan suka cika intanet ba tare da alama ba, jikokinmu za su ɗauka haka kakanninsu suke. Sannan ga batun mutunci. Dabarar da ke sa wa doki fukafuki ita ce ke iya ɗaukar fuskar 'yar mutane a ɗora a inda ba ta taɓa zuwa ba, aure ya mutu a banza. Ya kamata matasa su sani cewa tun watan Disamba na 2010 ƙasarmu take da dokar hukunta laifuffukan intanet.

Shawararmu ga masu shirya gasa

Saboda haka, ga duk wata ƙungiyar matasa ko makaranta ko cibiyar al'adu da ke da niyyar shirya gasar hoton almara a wannan yanki, muna ba da shawarar a raba ta gida uku. Gida na farko na waɗanda suka gina almararsu a gaban kyamara, da tufafi da labule da haske da hayaƙi, ko suka haɗa ta a ɗakin duhu. Gida na biyu na masu haɗawa da kwamfuta, bisa sharaɗin kowane yanki na hoton su suka ɗauka da kansu. Gida na uku na hoton inji, in an ga dama a buɗe shi, amma a kira shi da sunansa.

Kowane ɗan takara ya rubuta 'yan layuka kan yadda ya yi aikinsa. Wanda ya kai zagayen ƙarshe ya nuna asalin hotunansa, dodon hoto ko fayil ɗin da ya fito daga kyamara, kamar yadda manyan gasanni suke nema. Duk fuskar da ta fito a hoto a tabbatar mai ita ya yarda. A teburin alƙalai kuma a zaunar da tsohon mai situdiyo kusa da matashin gwanin kwamfuta, domin ɗaya ya san haske, ɗaya ya san inda ake ɓoye ɗinki.

Ga matasanmu kuwa, muna tunatar da su cewa abin da wasu suke wahalar ƙerawa, mu Allah ya ajiye mana shi a ƙofar gida. Ga duwatsun Rhumsiki masu kama da hasumiya, ga kwazazzabon Kola kusa da Gidar, ga dorinar ruwa a Binuwai, ga hazon hunturu da ke mayar da rana kamar faifan azurfa. Kuma hoton gaskiya bai daina cin gasa ba: a 2023 ɗan'uwanmu na Kano, Sani Maikatanga, shi ya zo na ɗaya a gasar Wiki Loves Africa da hoton ambaliyar ruwa a garin Auyo na jihar Jigawa.

Kafin gara ta riga mu

Akwai wani aiki na gaggawa da ya kamata ya haɗa ɓangarorin biyu. A jihar Adamawa, Joseph Chila na Mayo-Darlé da Samuel Finlak sun shafe shekaru suna ɗaukar mutanen karkara, kuma a 2005 aka baje hotunansu a babban gidan hotunan mutane na ƙasar Ingila da ke Landan. A Mbouda kuma, dubun-dubatar dodon hoto na marigayi Jacques Toussele an kwafe su cikin kwamfuta da taimakon babban ɗakin karatu na Birtaniya, bisa jagorancin Farfesa David Zeitlyn. A 2021 aka nuna aikin su ukun a gidan tarihi na Fowler da ke Los Angeles. Kwamfutar da ake zargi da kashe sana'ar, ita ce ta ceci aikinsu. Shi kansa Fosso, da aka wawashe gidansa a rikicin Bangui na 2014, wasu 'yan jarida ne suka tsinto masa dodon hotunansa a warwatse cikin ƙura.

To ina namu? A gidaje da yawa a Garwa akwai kwalaye cike da dodon hoto a ƙarƙashin gado ko a rumbun tarkace, zafi yana narkar da su, gara tana ci. A cikinsu akwai fuskokin iyayenmu, da hawan Sallar shekarun da suka wuce, da labulayen da aka daina zanawa. Muna kira ga magadan masu hoto da kada su zubar, kada su ƙona. A sa su cikin ambulan na takarda, a ajiye a wuri mai sanyi marar laima, a zauna da dattawa a rubuta sunayen waɗanda ke ciki tun masu ganewa suna raye. Sannan matashin da ya iya kwamfuta ya zo da na'urarsa ya kwafe, shi kuma dattijo ya koya masa yadda ake karanta haske. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ja zamanin sarakunanmu, ya albarkaci sana'ar matasanmu, ya kai mu wata Sallar lafiya, amin.